Wasiƙa daga Fumban ta ƙasar Kamaru: kada a taɓa zauren Kaka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Inna da Gwaggo da yara. Ni lafiya lau, kasuwa ce dai sai a hankali.

Yaya, labari ya iso ni wai Kawu ya kawo masu awo, za a rushe zauren Kaka da soron bene a jera shaguna. Tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Ashe har mun kai nan?

Rumfata ba ta da nisa da fadar Sarkin Bamun, kullum ina ganinta. Sarki Ibrahim Njoya ne ya gina ta a 1917. An ce gidan gwamnan Jamus ya gani ya burge shi, ya dawo ya tayar da tasa da jan bulo, hawa uku, amma barandar katako da ƙofofi duk sassaƙar mutanensa ce. Faransawa suka kore shi zuwa Yawunde, can ya rasu a 1933. Ginin yana nan, zuriyarsa na kan sarauta, baƙi har kuɗi suke biya su shiga kallo.

To mu fa? Bakan gizon zaurenmu aikin maginan Zazzau ne na asali, benen kuwa da tagoginsa na gilashi Kaka ya ƙara shi zamanin En'e, lokacin yana hakimi. Wane shago ne zai biya wannan?

Na san za ka ce na nesa bakinsa da zaƙi, kai ne mai tare yoyo da roba cikin dare. Gaskiyarka. Allah ya saka maka.

Na ba direban da ka sani jaka ɗari na sefa. Ka canza, ka damƙa wa Inna hannu da hannu, kada ko sisi ya bi ta wajen Kawu. A sauya azarar da gara ta ci, a gyara indararo, a yi yaɓe da makuba. Nan damina ta riga ta sauka, ku ma tana tafe. Hannun Inna na ce, Yaya. Kuma kada ka sa hannu a wata takarda sai mun yi waya.

Kuɗin makarantar Auta sai ƙarshen wata, a yi mini haƙuri. Gwaggo ta ba direban kuka da daddawa in zai juyo.

Ƙaninka