Jadawalin IQ na ƙasashe: da wane mudu aka yi awon?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Jadawalin nan da ke jera ƙasashe bisa kaifin ƙwaƙwalwa, wato IQ, ya sake karaɗe Facebook da WhatsApp, ƙasashen Afirka na can gindi da maki 70 ko ƙasa da haka. Wasu na tura shi cikin fushi, wasu na cewa ai dama sun faɗa. Ku ba ni fili in bayyana yadda ake samun lambar, domin duka ɓangarorin ba su duba mudun ba.

Makin IQ matsayi ne tsakanin tsara, kamar a ce yaro ya zo na goma a aji. Masu shirya gwaji irin na Wechsler, ɗaya daga cikin sanannun gwaje-gwajen IQ, sukan tara mutum wajen dubu biyu daga ƙasarsu, a gwada su, a raba su bisa shekaru, a kira matsakaicin sakamakonsu 100. Ana tsara ma'aunin yadda kusan kashi 68 cikin ɗari za su faɗa tsakanin 85 da 115, biyu cikin ɗari kuma su haura 130. To in ka gwada yaron ƙauye da takardar da aka daidaita a Amurka, abin da ka gano shi ne matsayinsa cikin yaran Amurka, a tambayoyin da aka rubuta dominsu. Ko a can ma awon na da gargada: wanda ya ci 95 yau zai iya cin 100 wata mai zuwa, shi ya sa rahoton kirki ke ba da tazarar maki biyar sama da ƙasa.

Tushen yawancin waɗannan jadawalai shi ne littafin da Richard Lynn da Tatu Vanhanen suka fitar a 2002. Cikin ƙasashe 185, 81 kaɗai ke da wani sakamakon gwaji. Sauran 104 kintace aka yi daga makin maƙwabtansu. Ikwatoriyal Gini an ba ta 59, daga baya aka gano yaran da aka ɗauko makinsu suna wata cibiyar masu lalurar ƙwaƙwalwa ne a Sifaniya. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holan suka sake bin binciken da aka yi a Afirka kudu da Sahara, suka samu matsakaicin maki kusan 80, suka kuma nuna an yi watsi da rukunonin da aka gwada masu maki mai kyau ba tare da ƙa'ida bayyananniya ba.

Masu kare jadawalin sukan ce gwajin Raven, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka samo makin daga gare su, ba ruwansa da harshe. Zane-zane ne guda 60, kowanne an cire masa gutsure, a ce ka zaɓo wanda ya dace cikin shida ko takwas. Sai dai wanda bai saba da takarda da fensir da zaɓen amsa ɗaya cikin jeri ba, wani sashe na makinsa na rashin sabo ne. Kuma wannan gwajin na cikin waɗanda maki ya fi hauhawa a kansu. Mai bincike James Flynn ya nuna a shekarun 1980 cewa sakamakon IQ na ƙaruwa da kusan maki 3 duk shekara goma. Yi lissafin baya: Amurkawan shekara ɗari da suka wuce za su tashi da kusan 70 a ma'aunin yau. Jinin al'umma ba ya sauyawa da wannan sauri. Makaranta da abinci da lafiya ne suka sauya.

Ban ce gwajin IQ shirme ne ba. Alfred Binet ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1905 don gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako, kuma har gobe yana hasashen ƙoƙarin yaro a aji gwargwado. Binciken tagwaye ma ya nuna gado na da hannu a bambancin mutum da mutum. Amma ɗebi irin gero ɗaya ka shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a fako. Cikin kowace gona bambancin tsayi na iya zama na iri. Tsakanin gonakin biyu kuwa ƙasa ce.

Fakon namu an san shi. Ƙarancin sinadarin ayodin na iya zaftare maki goma ko fiye, dalilin da ya sa ake zuba shi a gishiri. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 takan bar wa waɗanda suka tsira illa a ƙwaƙwalwa. Wani nazari na 2018 kan mutum sama da 600,000 ya gano kowace shekarar makaranta na ƙara maki 1 zuwa 5.

Don haka duk wakilinku da aka miƙa wa irin wannan lamba, ko uban da makaranta ta ba takardar IQ ta ɗansa, ya tambayi sunan gwajin, harshen da aka yi shi, mutum nawa aka gwada, da ƙasa da shekarar da aka daidaita ma'aunin. Ma'aunin da ya shekara ashirin ba a sabunta ba zai ƙara wa yaro kusan maki 6 na banza.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, Zariya