Godiya ga masu wayarin na kusa da Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai garejin wayarin da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, tare da yaransa baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin nan da ya sako mu gaba? Malam, kun ce mani kada in sa sunanku a ko'ina, to ga shi ban sa ba. Amma godiyar kam ba ta ɓoyuwa, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a. Wanda ya san wurin zai gane inda nake nufi, wanda bai sani ba ya tambayi direbobin a-kori-kura.

Ni ne mai farar Hilux ɗin nan da ya zo maku daga Daura da doguwar fitila a hannu, rai a ɓace. Sana'ata ɗaukar kaya ce, buhunan gero da wake, wani lokaci awaki, ranar Lahadi kuwa ba na rasa kasuwar Mai'aduwa. Yawancin dawowata da dare ce. Duk wanda ke bin hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi a watan Disamba da Janairu ya san yadda hazo ke yi, mota tana gabanka amma sai ka kusa hawa kanta kake ganin jan fitilarta. Nawa fitilun bayan sun tsufa, gilashin ya dushe, ƙura kuma ta ƙara masu lulluɓi. Wani dare shanu suka ratso titi, na taka burki, sai ƙarar taya na ji a bayana. Wata ƙaramar mota ce cike da fasinja, saura ƙiris ta shige ƙarƙashin bodina. Direban ya fito yana rantsuwa bai ga wutar burkina ba, ban kuma musa mashi ba.

Bayan wannan ne ƙanena ya sayo mani fitilar nan daga Kano, irin doguwar sandar LED da ake maƙalawa a bayan a-kori-kura, a tsakanin ƙofar bodi da bamba. Ja ce idan an kunna fitila, ta ƙara ƙarfi idan an taka burki, ta nuna sigina hagu ko dama, ta yi fari idan an sa ribas. Na kai ta wurin wani mai wayarin, ba zan faɗi ko wane ne ko a ina yake ba. Cikin rabin awa ya fere wayoyi da haƙori, ya murɗe, ya naɗe da baƙin salatif, ya karɓi kuɗinsa. Tun kafin in isa gida abin ya rikice. In na taka burki siginar ɓangarorin biyu ta kama, in na sa sigina fitilar burki ta riƙa ƙiftawa, fis ya ƙone sau biyu. Da na koma sai ya ce kayan jabu ne, in jefar.

To Malam, abin da ya fara burge ni a wurinku shi ne ba ku taɓa motar ba sai da kuka fahimci fitilar. Kuka ɗora ta kan benci, kuka jawo batir, kuka riƙa taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya kuna kallon abin da kowace ke kunnawa. Sannan kuka kira ni kuka ce, "Alhaji, zo ka gani, fitilarka lafiya lau take, yarenta ne ba ɗaya da na motarka ba." Na yi dariya a lokacin, amma bayanin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa, don haka bari in maimaita shi yadda na riƙe, ko wani zai amfana.

Irin wannan fitila an yi ta ne don motocin Amurka, shi ya sa take zuwa da fulogi mai baki huɗu, irin wanda suke jona tirelar da mota ke ja. Farar waya ita ce ta jikin ƙarfe, wadda kuke ce wa at. Mai ruwan ƙasa ta ƙananan fitilun dare ce. Rawaya ta hagu, koriya ta dama. Ta ribas kuma daban take zuwa, ita kaɗai. Inda gizo ke saƙar shi ne babu wayar burki a cikinsu, domin a tsarin can burki da sigina waya ɗaya suke bi, kwan fitila ɗaya ja ke yin aikin biyu. Hilux kuwa burki da wayarsa, sigina mai ruwan lemo da tata wayar. Mutumin farko da ya rasa inda zai kai burki sai ya haɗe shi da na sigina, wuta ta riƙa komawa ta inda ba a aike ta ba. Maganin ɗan ƙaramin akwati ne, bai kai kwalin ashana biyu ba, wanda ke karɓar wayar burki da na sigina biyu daga mota ya fitar da su yadda fitilar ke so, ba tare da wuta ta koma baya ba.

Ba ku da shi a shago. Kuka tura yaro a kan babur ya zagaya wurin masu kayan mota, bai dawo ba sai bayan azahar. A nan kam zan faɗi gaskiya, na ƙosa, har na ce ko a haɗa hakanan in kama hanya. Kuka ce in dai a garejinku ne, a'a. Benci ɗaya ne kuma a wurin, mu huɗu muna ta musayar zama, wannan sai a duba, Malam.

Kafin yaron ya dawo kun kwance fitilun baya duka biyu, kun bi ɓarnar da aka yi. Nan ne aka gano an cire fis ɗin da ya ƙone an naɗa silin waya a madadinsa. Na tuna yadda kuka ɗaga shi kuka nuna wa yaranku, kuka ce fis an yi shi ne don ya mutu a madadin mota, in aka hana shi mutuwa to waya ce za ta yi zafi, kuma ni buhuna da ciyawa nake ɗauka. Kuka mayar da mai lamba 10 kamar yadda aka rubuta a murfin akwatin fis na motar. Daga nan aka shiga neman wayoyi da ɗan kwan gwaji, ƙaramin yaronku yana zaune a kujerar direba, kuna daga baya kuna kira, taka, saki, hagu, dama, ribas. Ba ku yarda da launin waya ba sai kwan ya kama, tunda motar ta sha hannu kafin ta zo gare ni.

Haɗin ma ba murɗawa kuka yi ba. Kowace mahaɗa sai da aka like ta da dalma, aka zura mata robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, saboda ruwan damina da wankin mota. Wayar at kuwa sai da aka kankare tsatsa a jikin shasi har ƙarfe ya yi fari, sannan aka ɗaure ta da noti. Kun ce yawancin fitilun da ke yin rawa ko dushewa ba lalacewa suka yi ba, at ɗinsu ne bai kama ba. Aka bi da wayoyin ta jikin shasi, aka ɗaɗɗaure, nesa da salansa da sifirin, aka bar masu ɗan sassauci kada gargada ta tsinka su.

Akwai abu guda da ni mai motar ban tuna ba. Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take, kuma da dogon ƙarfe ake sauke ta ta wata ƴar kafa a baya. Inda mutumin farko ya manna fitilar ya toshe kafar. Da taya ta fashe mani a daji da dare, da sai na ɓalle fitilar kafin in sami safaya. Ku kuka zura ƙarfen kuka gwada, kuka buɗe ƙofar bodi kuka rufe har sau uku don a tabbatar ba ta matse fitilar, sannan kuka yi alama da alli. Kuka ce ma na yi sa'a fitila mai tsawon inci 48 aka sayo, don mai inci 60 ta manyan motocin Amurka ce. Aka wanke wurin, aka goge da sifirit, aka sa sabon gam mai fuska biyu, aka ƙara da maɗauri da sukurori, tunda zafin watan Afrilu a Katsina ba ya barin gam shi kaɗai ya riƙe abu.

Sai kuma inda muka ɗan yi ja-in-ja. Na so a haɗa mani farar wutar ta zauna a kunne duk dare, a ganina hakan ya fi sa a hango ni. Kuka ƙi. Kuka ce ja ne na bayan mota, fari na ribas ne kawai. Wanda ke biye da ni cikin hazo in ya ga fari zai kashe mashi ido, ko ya ɗauka mota ce ke tahowa, ga kuma jami'an kiyaye haɗura a hanya. Na ce ai motata ce, kuka ce haka ne Alhaji, amma idon na wani ne. Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba.

Da magariba ta yi aka gwada komai a gabana, sannan kuka rubuta mani lissafi a takarda, kuɗin akwati daban, na dalma da roba daban, na aiki daban, har canjin da yaro ya dawo da shi aka miƙo mani. Yau mako shida ke nan. Na je Mai'aduwa sau shida, na je Zango da Ɓaure, fis bai sake ƙonewa ba, sigina na nuna inda na ce ta nuna. Wani abokin sana'ata da ya biyo ni daga Shargalle ya ce tun daga nesa yake ganin jan layin a cikin hazo.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa yaran nan albarka su gaji hannunku. A gaishe mani da ƙaramin mai taka burki, na manta ban ba shi na shayi ba, yana bina bashi. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan shigo da motar ƙanena, ita ma fitilar ribas ɗinta ta daina kamawa, kuma zan zo da kujerata.

Wassalam.

Naku,
mai farar Hilux daga Daura