Wasiƙa ga abokan cinikinmu masu tafiya Indiya

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi.

Yawancin masu yankar tikitin Delhi a ofishinmu jinya ce ke kai su ko fatauci, kuma zirga-zirga bayan sauka ce ta fi ba su wahala. Shi ya sa muka rubuto.

Da kun sauka a filin jirgin Indira Gandhi, ku sayi layin waya, za a nemi fasfo da biza. Direban Uber ko Ola, tasin da ake nema ta manhajar waya, yakan kira kafin ya iso, kuma da wuya ya kira lambar waje. Mai rakiyar mara lafiya ya nufi rumfar tasi da ake biya kafin a hau, ya riƙe rasit sai an kai shi ƙofa. Mai kaya kaɗan ya hau metro, jirgin ƙasa na birni, kusan minti 20 ne zuwa tashar New Delhi. A layukan metro na cikin gari, tarago na farko na mata ne zalla, maza a kiyaye, akwai tara.

A cikin gari akwai adaidaita sahu irin namu. A gama ciniki kafin a hau, a tanadi 'yan rupi 20 da 50, don ba kasafai ake samun canjin 500 ba.

Jirgin ƙasa ne ya fi bukatar natsuwa. Shafin IRCTC, wato shafin intanet na tikitin jirgin ƙasa, na buɗe sayar da tikiti kwana 60 kafin tafiya, kujeru kuwa ba sa jira. In kun ga WL a tikiti, ba ku da kujera tukuna, kuna layi ne; idan aka fitar da sunaye ba ku ciki, tikitin intanet ya soke kansa, hawa da shi laifi ne. Ga tafiyar dare muna ba da shawarar tarago ajin 2A ko 3A, masu gado da na'urar sanyaya iska. Wanda ya makara sai Tatkal, tikitin gaggawa da ake buɗewa ana gobe jirgin zai tashi, ƙarfe 10 na safe. A duba sunan tasha da kyau: New Delhi daban, Hazrat Nizamuddin daban, Anand Vihar daban. Duk wanda ya tare ku a bakin tasha ya ce an rufe ofishin tikiti, ɗan kamasho ne, ku wuce.

A Disamba da Janairu hazo kan jinkirta jirage sa'o'i, don haka kada a haɗa doguwar tafiya da ranar ganin likita. Motoci hannun hagu suke bi, a fara duba dama kafin a tsallaka titi.

Ku kawo mana ranakun tafiyarku da wuri mu tsara tare. Allah ya kai ku lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi.

Naku,
Ma'aikatan ofishin tafiye-tafiye