Kafin Ka Kai Keken Malam Wurin Mai Fenti

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga ɗana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke nan lafiya. Alhamdu lillahi.

Mahaifiyarka ta ba ni labarin hirar da kuka yi shekaranjiya, cewa in ka zo hutun Sallah za ka fito da keken Malam daga ɗakin shirgi ka kai shi Sabon Gari a kankare shi a fesa masa sabon fenti. Ta ce har kana tunanin fara sayen tsofaffin kekuna a hannun 'yan gwangwan kana gyarawa. Allah ya sani na ji daɗi. Shekara da shekaru ina wuce keken nan ina kau da kai, don ganinsa a kife cikin ƙura yana taɓa mini zuciya. Sai dai na kwana da magana ɗaya a raina, shi ya sa na ɗauki biro ban kira ka ba, don ka samu abin da za ka riƙa komawa kana dubawa. Kada ka yarda sanfefa ta taɓa keken nan sai ka zauna ka karanta shi tukuna.

Karanta shi na ce, don tsohon keke da rubutunsa yake yawo. Ka samo tsumma, da kananzir a gwangwani, da tsohon buroshin haƙori. Ka jingine shi a inuwar zaure ka fara daga goshinsa, ƙarƙashin hannu, inda tambari yake. In ka goge za ka ga kan tsuntsu mai dogon baki, zalɓe ke nan, da sunan Raleigh da na garin Nottingham ta Ingila, inda aka yi ta ƙera shi tun kafin 1890 har aka rufe masana'antar can a 2002. Amma tambari kaɗai ba shaida ba ne. 'Yan ƙananan kusoshi ke riƙe da shi, kuma na sha ganin an ɓamɓaro shi daga mataccen keke an manna wa wani. Don haka ka sunkuya ka leƙa babban farantin da sarƙa ke hawa: a yawancin na asali za ka tarar an huda ƙarfen da siffar kan zalɓen nan. Ka duba kafaɗar fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, can sama da tayar. Ta Raleigh kamar guntun bututu take a kwance, kowane gefe da ɗan murfi mai ƙyalli wanda ya lotsa ciki, daidai inda babban yatsanka zai zauna. Sannan ka nemi lambar da aka buga a jikin firam, ko dai a gindin sirdi ko a can ƙasa tsakanin fedoji, ka rubuta ta a littafi.

Mutanenmu kowane baƙin keke mai birkin ƙarfe Raleigh suke ce masa. Kai tunda kana son shiga harkar, dole ka bambance. Hercules da Phillips daga Birmingham suka fito, Phillips da hoton zaki. Rudge tafin hannu ne alamarsa. BSA bindigogi uku a jingine da juna, don asalin kamfanin na ƙera bindiga ne. Humber kuwa in ka ga tsohonsa ba ka mantawa, kowace ƙafar fok ɗinsa siraran bututu biyu ce. Daga baya duk suka koma gida ɗaya: Raleigh ya sayi Humber a 1932, Rudge a 1943, ɓangaren kekunan BSA a 1957, a 1960 kuma aka haɗe shi da masu Hercules da Phillips. Shi ya sa za ka ga keke da suna daban amma jikinsa na Nottingham ne. Sai kuma waɗanda suka cika gari daga baya, Phoenix daga Shanghai ta ƙasar Sin, da su Hero da Avon na Indiya. Kada ka raina su. Su suka yi ta jigilar rake da buhunan masara daga ƙauyukan Giwa da Makarfi. Abin da nake so kawai shi ne ka kira kowanne da sunansa.

Shekarun keken kuma suna cibiyar tayar baya. Na Malam mai giya uku ne, irin ta kamfanin Sturmey-Archer. Ka goge baƙin maiƙon da ya daskare a kan tulun cibiyar, za ka ga haruffa AW, kusa da su lambobi biyu na shekara da lambar wata. Misali in ka ga 64 da 3, to a watan Maris na 1964 aka yi ta. Ka dai tuna wannan shekarun cibiyar ne, kuma ana sauya wa keke wili. Na Malam na tabbata ba a taɓa sauyawa ba. Na san abin da ke rubuce a wurin, amma ba zan faɗa maka ba. Ka zo ka goge da hannunka ka gani.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa nake ta jan kunnenka. Lokacin da nake saurayi na samu wani tsohon Raleigh da kuɗin gumina. Gindin fedarsa yana ƙara, sai na kai wa wani mai gyara, ya ce kofin boris ne ya cinye. Ya ɗauko sabo ya ɗaura, ya shiga zagaye biyu ya cije. Ina tsaye ina kallo ya sa dogon bututu a sifana ya danna da ƙarfin tsiya, ni kuma saboda ɗokin in hau in tafi ban ce uffan ba. Ashe tiredin Raleigh, wato haƙoran da ake murɗa kofi ko noti a kansu, nasa daban ne, haƙora 26 a kowane inci, na sauran kekuna kuwa 24. Nan take haƙoran firam ɗin suka suɗe. Ƙarshenta walda aka yi masa, kuma bai ƙara komawa daidai ba har na rabu da shi. Har yau in na tuna sai in ji laifina ya fi na mai gyaran, don ni na ga abin ya cije na yi shiru. Saboda haka duk notin da ka kwance daga keken Malam ka ajiye shi a gwangwani, ko da ya yi baƙi ƙirin. Boris da taya da tub da robar birki, waɗannan a saya sababbi. Sauran a wanke a sa giris a mayar. In abu ya ƙi shiga da yatsu, to ba nasa ba ne.

Fedar hagu a juye ake kwance ta, kada ka manta. Ita kuma 'yar kusar nan da ke riƙe hannun feda, kada ka hau ta da guduma haka kawai. Ka jiƙa ta da mai ta kwana, ka tokare ƙarƙashin hannun fedar da guntun bututu har ƙasa, sannan ka buga da ƙarfi sau ɗaya. Cibiyar giya tana da ɗan murfi na zuba mai. 'Yan ɗigo na man inji mara kauri sun isa. Man gyaɗa da wasu ke zubawa danƙo yake zama a ciki. Tayar keken 28 x 1½ ce, ka karanta a gefen tsohuwar kafin ka je kasuwa. Sirdin fata ne na Brooks mai sifirin. Ya bushe, na sani, amma kada ka tsoma shi a baƙin mai, kuma kada ka ɗaure notin hancinsa da yawa, zai tsage. Ɗan man kaɗanya kaɗan ka shafa ta ƙasa, ka bar shi ya sha a inuwa.

Yanzu maganar fenti. Tsatsar da ke kan hannu da rim yawancinta a sama take, takardar alminiyam da ruwa za su ɗauke ta. Baƙin fentin kuwa in ka wanke ka goge da mai za ka sha mamakin yadda zai farfaɗo, har siraran layukan ruwan zinare za su fito a wasu wuraren. A kan sandar gaba, kusa da hannu, akwai wani wuri da fentin ya goge har ƙarfe ya bayyana, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Nan Malam yake naɗa tsohon rawani ya zaunar da ni, mu bi ta Ƙofar Doka mu shiga birni gaida kakata ranar Juma'a, haɓarsa tana taɓa hulata, yana karatu ƙasa-ƙasa. Mai fenti ba zai san wannan ba, aibi zai gani ya rufe. Ka bar mini wurin nan yadda yake.

Game da sana'ar, ina sa maka albarka. Kafin ka biya kuɗin kowane keke ka shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan tambari. In ka ji ƙarfe ya tattare, ya taɓa cin karo, ka bar shi sai dai don kayan jikinsa. Ka ɗaura zare daga ƙafar baya ta dama, ka zagayo ta goshi zuwa ta hagu, ka auna ratar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In ba su zo ɗaya ba firam ya karkace. In ka tashi sayarwa kuma, abin da ka sauya ka faɗa, waldar da ka gani ka nuna. Kada ka ɗora wa Phoenix tambarin zalɓe ko da mai saye ne ya roƙe ka.

Makullin ɗakin shirgi yana hannuna, famfon keken ma na gano shi a cikin akwatin Malam. In za ka taho ka zo da rigar da ba ka jin ta, don kwana biyun farko wanki kawai za mu yi. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yaran.

Allah ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Naka,
Mahaifinka.