Precision ko Jazz: a ƙara duba maganar jitar bas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga dukkan ma'aikatan gidanku, na rubuto ne a kan shirinku na kiɗa, inda mai gabatarwa ya ce jitar bas (jitar da ke ba da sauti mai zurfi a ƙasan kiɗa) samfurin Precision ta masu son sauti mai kauri ce, Jazz kuma ta masu son sauti mai kaifi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an taƙaita ta har ta kusa ɓata.

Dukansu daga hannun Leo Fender suka fito, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka. Precision ce babba, ta fito a 1951, lokacin da makaɗa ke fama da ƙatuwar bas ta katako wadda sai a tsaye ake kaɗa ta, ganguna kuma su danne mata murya. A 1957 aka raba maganaɗisunta mai ɗaukar sauti gida biyu, kowane ɓari da tsirkiya biyu. Jazz ta biyo baya a 1960 da maganaɗisu biyu, ɗaya wajen tsakiyar jikinta, ɗaya can kusa da gindin tsirkiyoyi, ga wuya siriri: faɗinsa daga sama milimita 38, na tsohuwar Precision kuwa wajen 44. Mai gajerun yatsu zai gane wannan bambanci tun kafin a kunna lasifika.

To, ina maganar kauri da kaifi ta karye? A saurari Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, makaɗin bas na ƙungiyar Bob Marley. Wannan sauti mai zurfi da ke girgiza ƙirji a kiɗan rege, da Jazz aka san shi yana fitar da shi. Jaco Pastorius ma Jazz ya riƙe, amma ya cire ƙarafunan da ke gicciye a wuyanta, ya karkata ga maganaɗisun baya, ya riƙa kaɗawa dab da gindi, sai ta koma tana rera waƙa kamar goge. Marcus Miller kuma dukan tsirkiya yake da babban yatsa. Samfuri ɗaya ke nan a hannun mutum uku, kuma babu wanda zai ɗauki wani a matsayin wani. Shi kuwa James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin waƙoƙi na Motown a birnin Detroit na Amurka, Precision ɗinsa ta 1962 ba ya son a canja mata tsirkiya ko ta tsufa, ga soso a gindinta yana rage amo, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Rabin abin da muke kira sautin Precision, ai hannun wannan bawan Allah ne da tsoffin tsirkiyoyinsa.

Ni dai Precision nake ɗauka in za mu fita wasa, kuma dalilina ba na burgewa ba ne. Mu da ke kiɗa a wuraren biki da wutar janareta da wayoyin da aka jojjona, mun san ƙugin nan, zuuu, da ke tashi a lasifika da zarar an yi shiru. Rabaɓɓen maganaɗisun Precision an naɗe ɓarinsa biyu ne yadda ɗaya zai kashe ƙugin ɗaya. Jazz tana yin haka ne kawai idan an buɗe maganaɗisunta biyu daidai wa daida. Ka rage ɗaya don neman sautin da kake so, ƙugi ya dawo. Ga shi abin murɗawa biyu kacal ne a jikin Precision, na ƙara da na laushin sauti, ba ka da abin lalube a tsakiyar waƙa. Wani yaro da nake koya wa kuwa ya ƙi ta ƙememe, wai wuyanta na sa masa ciwon hannu, kuma ban ga laifinsa ba.

Roƙona, Malam Edita, ku kawo jitocin biyu ɗakin shiri, makaɗi ɗaya, lasifika ɗaya, ya kaɗa salo guda a kan kowacce ba tare da an faɗi suna ba, sannan ku buɗe layin waya masu sauraro su canka.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku a kullum,
daga Jos