A nemi gwajin kilamidiya a wajen awon ciki

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mata mazauna Makka da Jidda, mazajensu kuma su kasa kunne.

Washegarin sunan jikata idanunta suka kumbura, suna ta fitar da mugunya. Tsofaffin unguwa kowa da nata: wannan ta ce a ɗiga nono, waccan ta ce a sa kwalli. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ɗiga nonon. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti. Likita ta ce kilamidiya ce, wata cuta da ake ɗauka ta hanyar saduwar mace da namiji, jaririyar kuwa wajen fitowa ta ɗauka daga uwarta, kuma idan aka bar ta tana iya sauka huhun jariri cikin wata ɗaya zuwa uku.

'Yata ta sa kuka, don wata tara ba ta ji ƙaiƙayi ko zafin fitsari ba. Ashe haka cutar take, yawancin mata ba sa ganin alama, alhali tana iya jawo haihuwar bakwaini ko toshe hanyar ƙwai. Mu kuwa komai sai mu ce masa ciwon sanyi, mu jiƙa sassaƙe.

Surukina ya kafe wai ai sun yi gwajin aure. Gwajin da Saudiyya ta wajabta a 2004 na sikila ne da talasimiya (wata cutar jini da ake gada), a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta. Kilamidiya ba ta ciki.

Don haka ke mai ciki, in kin je awo ki buɗe baki ki nema. Fitsari ne kawai, ko a shafo daga gabanki da auduga. Na san marasa igama (takardar izinin zama) na tsoron asibiti, kuɗi ma ga shi, amma jinyar jariri ta fi gwajin tsada. In an samu cutar, maganin mai ciki azitromaisin ne, sha ɗaya. Doksisaikilin da ake ba sauran mutane ba nata ba ne, kada maƙwabciya ta miƙo miki ragowar nata. Miji ma dole ya sha, haka kishiya a duba ta, a ƙaurace wa juna kwana bakwai, a sake gwaji bayan kamar mako huɗu.

Idon jikata ya washe, alhamdulillahi. Uban kuwa sai da na haɗa shi da kawunsa kafin ya yarda ya je asibiti.

Wata kaka,
Shara Mansur, Makka