An dakatar da 'yata daga makaranta saboda abin da ta rubuta a waya

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, ina kuma gaida masu sauraro. Don Allah kada a faɗi sunana. Yau kwana tara ke nan rabona da barcin kirki, shi ya sa na ce bari in rubuto miki.

Ni 'yar Funtuwa ce, amma shekara 19 ke nan aure ya kawo ni Legas, muna zaune a Agege. Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, tun asuba yake fita, sai bayan isha'i muke ganinsa. Ni kuma ina ɗinki a gida, ina ɗan saro atamfa da leshi a Balogun ina ba matan unguwa bashi. Da wannan ɗinkin nake cika kuɗin makarantar yara idan nasa ya gaza, kuma yakan gaza, musamman lokacin da albasa ta yi tsada. Na faɗi haka ne don ki san ban ɗauki karatun yarinyar nan da wasa ba. 'Ya'yanmu biyar, a kan ta farin nake magana. Tana SS3 a wata makarantar kuɗi, mun gama biyan kuɗin WAEC.

Ranar Litinin ta makon jiya aka kira ni a waya wai in zo yanzu-yanzu. Na ajiye ɗinkin mutane na hau Keke, hankalina a tashe, na zaci wani abu ya same ta. Ina shiga ofishin shugabar makarantar na tarar da 'yata a durƙushe a ƙasa tana kuka, malamai uku a tsaye a kanta kamar an kama ɓarauniya. Ko kujera ba a nuna min ba. Matar nan ta miƙo min waya tana magana da Turanci da sauri, da gangan, don ta san ba sosai nake ji ba. Da na roƙe ta ta yi a hankali sai ta juya tana yi wa malaman magana da Yarabanci suna dariya. Ba ta san shekarun da na yi a Agege sun sa ina jin yaren ba.

Asalin maganar, akwai wata malama da tun suna SS2 ta sa wa yarinyar nan ido. Ba ta kiranta da sunanta, sai dai "aboki". Anti, duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da ake nufi idan an ce wa Bahaushe aboki da wannan muryar. In ta ba da amsa daidai a aji, sai ta ce ashe aboki ma yana da kai. Ta taɓa jan hijabinta a gaban yara, alhali tun 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ɗalibai mata Musulmi na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, ita ma wannan makarantar da kanta ta ce ta yarda kafin mu kai ta. Yarinyar ta sha gaya min, ni ce nake cewa ta yi haƙuri, saura kaɗan ta gama. Wannan haƙurin da na ba ta shi ke cin raina yanzu.

To ranar Asabar tana gida, a ɗakinmu, da wayarta, ta rubuta abin da ke damunta ta sa a sitatus na WhatsApp, wanda ma bayan kwana ɗaya yake gogewa. Wata ƙawarta da muke ba abinci a gidan nan ita ta ɗauki hotonsa ta kai. Wayar ni na saya mata, ban musa ba, kuma babanta tun ranar yake maimaita min. Amma makarantar ce ta ce kowane ɗalibi ya shiga zauren WhatsApp na aji, a nan suke turo aikin gida da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Me ya kamata in yi?

Sun ce an dakatar da ita sai abin da hali ya yi. Idan tana so ta dawo, sai ta tsaya a asambili ta ba da haƙuri a gaban duk makaranta, ta kuma sa hannu a takarda cewa ƙarya ta yi wa malamar. Ƙarya! Shugabar har da cewa in muka yi gardama za ta kai wa 'yan sanda. Nan cikina ya ɗuri ruwa, don na tuna ɗalibin nan na jami'ar Dutse da aka kama a 2022 saboda abin da ya rubuta a Twitter kan matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da ya kwana a tsare kafin a janye ƙarar. Ɗan yayana da ke karatun lauya ya ce min sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da suke tsorata mutane da ita an yi mata gyara a 2024. Amma ya ce akwai batun ɓata suna, kuma mun sa hannu a dokokin makarantar ranar da muka kai ta. Ni dai ban karanta ba, babanta ma bai karanta ba.

Gaskiya, ta sa hoton malamar, kuma ta kira ta jahila mai ƙabilanci. Na yi mata faɗa sosai a kan haka, ba tarbiyyar da na ba ta ba ke nan, babba babba ne. Amma yarinyar da aka shekara biyu ana muzantawa, wa ya taɓa kiran malamar ofis? Kuma wace doka ta ba makaranta iko da abin da yaro ya yi ranar Asabar a ɗakin uwarsa?

Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne babanta. Ya ce ta jawo masa abin kunya, ba zai je ya durƙusa wa kowa ba, karatun ya isa haka, bayan salla zai sa ta a mota zuwa Funtuwa wajen Hajiyarsa. Na san abin da zai biyo baya, don tun bara ƙanwarsa take zancen wani ɗanta. Yarinyar nan so take ta karanci aikin jinya. Ta daina cin abinci, ta ce gara ta rasa jarrabawar da ta sa hannu cewa ta yi ƙarya.

Anti, in lallaɓa ta ta ba da haƙurin ko da ranta bai so ba? In kai ƙara ofishin ilimi ba da saninsa ba? Ban taɓa ƙetare maganarsa ba tunda muka yi aure. Wa zan samu ya yi masa magana ya ji, tunda limamin unguwarmu abokinsa ne kuma bayansa zai bi?

Taki,
Wata uwa daga Agege, Legas